Filin Kiɗa da Waƙa: Jitar Abzinawa a Hannun Baƙi

  A wannan karo za mu ɗan tsallake iyaka mu leƙa wurin maƙwabtanmu Abzinawa, domin mu yi magana a kan wani faifai mai suna Amatssou, wanda ƙungiyar makaɗan nan Tinariwen ta fitar ranar 19 ga watan Mayu na 2023. Na san wani zai ce, haba Malam, ina ruwan Bahaushen Zongo da waƙar da ba ya jin ko kalma ɗaya a cikinta? To, a yi mini haƙuri. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda aka ɗauki waƙoƙin, da hannuwan da suka taɓa su kafin su iso kunnenmu. Wannan magana kuwa ta shafe mu, domin tambayar da ake yi a kan kiɗan Abzinawa ita ce ya kamata mu yi a kan namu a nan Wagadugu.

Ga wanda bai san su ba, mutanen nan ba yara ba ne. Shugabansu Ibrahim Ag Alhabib ɗan yankin Tessalit ne a arewacin Mali. Yana ƙaramin yaro aka kashe mahaifinsa a tawayen 1963, ya tashi a gudun hijira a kudancin Aljeriya. Jitarsa ta farko da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya haɗa ta, kamar yadda yaranmu ke yi a bayan makaranta. A 1979 shi da abokansa suka fara kiɗa tare a Tamanrasset. Daga nan suka shiga sansanonin soja na Libiya a zamanin Gaddafi, wasunsu kuma sun riƙe bindiga a tawayen 1990. Da aka yi sulhu sai suka ajiye makamai suka rungumi jita. Ana kiran matasan wancan zamani ishumar, kalmar da aka aro daga kalmar Faransanci ta marar aikin yi, wadda mu ma a nan mun san ta sarai. Turawa suna kiran kiɗansu bulus na hamada, wasu su ce rok ne, saboda jitar lantarki da suke kaɗawa. Su kuwa masu abin assouf suke ce masa, wato bege da kewar gida.

Shekara fiye da goma waƙoƙinsu suna yawo ba tare da sun taɓa shiga sitidiyo ba. Duk mai rikoda ya zo da kaset ɗinsa ya ɗauka, wani ya kwafa daga wani, direban mota ya kai Agadas, wani ya kai Gao. Mu da muka yi wayo a shekarun kaset mun san irin wannan sauti: ana jin tari, ana jin ƙarar kofin shayi, wani lokaci batir ya yi sanyi murya ta ja kamar ta mai barci. Da haka suka yi suna a hamada tun kafin wani Bature ya san da su.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, karon farko da suka shiga sitidiyo sosai a Abijan ne, a 1991. Kaset ɗin da aka yi a can, Kel Tinariwen, ya fito a 1992, aka sake buga shi a 2022. Duk wanda ya saurare shi zai yi mamaki. An cika shi da fiyano da gangar inji irin wadda ake yayi a Abijan a lokacin, har mutum ya rantse a wani gidan rawa na Treichville yake. Yana da daɗinsa, ban ce babu ba, amma da sun bi wannan hanya da yau ba mu zauna muna maganarsu ba. Dubban makaɗa sun bi ta sun ɓace.

Faifan da ya fitar da su duniya a gidan rediyon Tisdas na garin Kidal aka ɗauke shi, ya fito a 2001. Wani Baturen Ingila mai kaɗa jita, Justin Adams, da 'yan ƙungiyar Lo'Jo ta Faransa su ne suka yi aikin, a garin da wuta ba ta samuwa sai na 'yan sa'o'i da dare. Babu lokacin gyare-gyare. A zauna, a kunna, a kaɗa, a tashi. Tun daga nan sai ya zama kamar al'adarsu ce su kai na'ura wurin kiɗa maimakon su kai kiɗa wurin na'ura. Imidiwan na 2009 a Tessalit aka ɗauke shi. Tassili na 2011 a cikin duwatsu kusa da garin Janet na Aljeriya, shi ne kuma ya ci musu kyautar Grammy a 2012. A wannan shekarar ce masu bindiga suka kama arewacin Mali suka hana kiɗa, shekarar da muka ga 'yan gudun hijira sun cika Mentao kusa da Jibo da Goudoubo kusa da Dori. Gida ya gagara, sai suka nemi wata hamadar a Kalifoniya suka ɗauki Emmaar na 2014. Amadjar na 2019 kuwa a ƙarƙashin tanti aka yi shi kusa da Nuwakshot, da wata mota da aka mayar sitidiyo.

Yanzu mu zo kan Amatssou, wanda shi ne na tara a jerin faifansu. Ma'anar sunan ita ce abin da ke gaba da tsoro. Asali ba a hamada aka shirya yin sa ba. Wani shahararren makaɗin Amurka, Jack White, shi ya gayyace su a 2021 su zo sitidiyonsa a Nashville, garin da ya zama cibiyar kiɗan ƙauye na Turawan Amurka, irin na makiyaya masu faffaɗar hula. Annobar korona ta hana tafiya. Sai aka juya shiri, aka ce Amurkawan su taho Aljeriya, wannan ma bai yiwu ba. Daga ƙarshe Ibrahim da Alhassane Ag Touhami da Abdallah Ag Alhousseyni da samarin da ke tare da su suka kafa tanti a Janet. Kayan ɗauka ma aro suka yi daga ƙannensu 'yan ƙungiyar Imarhan, waɗanda suka gina sitidiyo a Tamanrasset, tafiyar kwana biyu a mota. Da suka gama nasu, sai aka aika sautin ta intanet. Wes Corbett mai banjo da Fats Kaplin mai gogen Turawa suka ɗora nasu a Nashville. Wani makaɗin ganga ɗan Kabilawan Aljeriya, Amar Chaoui, ya ɗora nasa a Paris. Daniel Lanois kuma ya sa hannu daga Los Angeles.

Ke nan mutanen da muke ji suna kiɗa tare a wannan faifai ba su zauna a tabarma ɗaya ba. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata mai sauraro ya sani.

Sunan Lanois shi aka fi tallatawa, kuma ba banza ba. Ɗan Kanada ne, yana cikin waɗanda suka haɗa wa ƙungiyar U2 faifansu The Joshua Tree a 1987, ya yi aiki da Peter Gabriel da Bob Dylan. Aikinsa shi ne abin da 'yan fim ɗin Kano ke kira furodusa, amma a kiɗa furodusa ba mai zuba kuɗi ba ne kawai. Shi ne mai cewa a ɗaga wannan murya a sauke waccan, a matso da makirufo ko a ja shi baya, a bar wannan kuskure ko a goge shi. Idan makaɗa su ne suka kawo nama da kuɓewa, shi ne uwargida mai riƙe da ludayi. An san Lanois da son amsa-kuwwa, wato ya sa sauti ya riƙa yawo yana daɗewa kamar an yi magana a cikin babban ɗakin da babu kaya. A waƙoƙin nan biyu da aka rubuta sunansa, Arajghiyine da Jayche Atarak, za ka ji wannan hannu nasa. Akwai wata irin jita da ake kwantarwa kamar tebur, ana goga mata guntun ƙarfe ana taka feda da ƙafa, kukanta ya riƙa miƙewa ba ya yankewa. Ita ce ke shawagi a bayan muryoyin kamar hazo.

A nan ne nake da ja. Kiɗan Tinariwen busasshe ne, kuma a bushewarsa ƙarfinsa yake. A fili babu bangon da zai mayar maka da murya. Ka kaɗa tsirkiya, sautin ya fita ya tafi abinsa, sai shiru, sai tafi ya shigo. Wannan ɗan shirun da ke tsakanin bugu da bugu shi ke sa kai ya riƙa kaɗawa kamar na wanda ke bisa raƙumi. Idan ka cika gurbin da hazo, ka ba mutum hamadar da Bature ke gani a sinima, mai faɗi da ban tsoro, ba wadda ake dafa shayi a cikinta ana gardamar kuɗin akuya ba. Na yarda Lanois gwani ne, bai danne muryoyin ba, ya san inda zai tsaya. Amma ni a kunnena waɗannan waƙoƙi biyu an yi musu kwalliya ne don baƙo. Wanda ya san su tun kaset zai ji kamar an shafa wa kakarsa hoda.

Banjo da goge kuwa wata magana ce daban, kuma a nan na saɓa da abokaina masu cewa an sayar da al'ada. Ku saurari waƙar farko, Kek Alghalm, inda banjo ke bin jita a guje. Bahaushe ba zai ji baƙon abu ba ko kaɗan, zai ce gurmi ne aka ƙara wa tsirkiya. Kuma gaskiyarsa. Masana tarihin kiɗa sun tabbatar cewa banjo daga Afirka ta Yamma ya samo asali. Bayin da aka kwasa zuwa tsibiran Karebiyan da Amurka su ne suka riƙa haɗa shi da ƙwarya da fata da sanda, irin yadda suka baro a gida. Danginsa suna nan har gobe: akonting na Jolawan Sanagal da Gambiya, ngoni na Bambara, molo da gurmi namu. Wanda ya taɓa jin Haruna Uji yana tsinkar gurmi, in ya ji Wes Corbett zai gane jini ɗaya ne, sai dai shi wannan ya daɗe a ƙasar waje ya koyo sauri.

Haka zancen goge yake. Abzinawa suna da nasu mai tsirkiya ɗaya, imzad, wanda mata ne ke goga shi, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2013 da sunan Aljeriya da Mali da Nijar. Masu haɗa faifan sun yi dabara, sun saka gajerun kiɗan imzad tsakanin waƙoƙi. To da ka ji shi, sannan ka ji gogen Fats Kaplin a Tenere Den ko Ezlan, sai ka ga ashe ba nisa. Mutumin bai zo ya nuna gwaninta ba. Yana bin bayan waƙa ne kamar ɗan amshi mai ladabi, ya shigo inda aka bar masa ƙofa ya fita kafin a gaji da shi. Ban sani ba ko da sun haɗu ido da ido abin zai fi haka armashi, amma ko a haka ya zauna.

Saboda haka hukuncina a kan faifan ya rabu biyu. Inda baƙo ya zo da kayan kiɗa ya zauna a sahun 'yan amshi, an ci riba. Inda ya zo da na'ura ya canja iskar wurin, an ɗan yi asara. Abin da ya ceci aikin gaba ɗaya shi ne ginshiƙin a tanti aka kafa shi, da mutanen da suka shekara arba'in suna jin numfashin juna. Ganga da tafi da amshi duk a wuri ɗaya aka ɗauke su. Duk abin da aka ɗora daga baya ado ne, ana iya cire shi gini bai faɗi ba.

Sai dai kafin mu zargi kowa, mu tambayi kanmu wa ke biya. Mu nan ba ma sayen faifai. Yaro ya je wurin mai cajin waya a bakin kasuwa a zuba masa waƙa ɗari a ɗan katin waya, makaɗin bai ga ko dala ba, hukumar BBDA mai kare haƙƙin mawaƙa ma ba ta san an yi ba. Abincin Tinariwen yana fitowa ne daga wasannin da suke yi a Turai da Amurka, kuma sunan Lanois a bayan faifai yana buɗe ƙofofin da sunan Ibrahim kaɗai ba zai buɗe ba. Mai ba da kuɗin cefane shi ke faɗin yawan barkono. Dattawan nan suna da iyali a ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita, ba ni da bakin da zan ce su ƙi.

Mu a Burkina mun ga irin wannan da idonmu. Marigayi Victor Démé, telan nan na Bobo Julaso mai muryar da ke sa tsigar jiki tashi, ya shekara wajen talatin yana waƙa a mashaya da wuraren biki kafin ya sami faifan kansa a 2008. A nan Wagadugu aka ɗauke shi, a wani ɗan sitidiyo na ƙungiyar Ouagajungle, ɗaki biyu da gilashin gaban babbar mota a tsakaninsu. Jita ce da murya da 'yan kayan gargajiya, ba wani tarkace. Wannan faifai shi ya kai shi Turai. Daga baya wasu samari biyu Faransawa da ake kira Synapson suka ɗauki waƙarsa Djon Maya suka ɗora mata bugun inji, ta zama abin rawa a gidajen dare na can. Ta kai sunansa inda bai taɓa zato ba. Amma yau, bayan zazzaɓin cizon sauro ya ɗauke shi a watan Satumba na 2015, in kana so ka san wane ne Démé, wanne za ka kunna? Na ɗakin gilashin mota za ka nema.

To ina namu? Nan ne abin ke ci mini rai. Tun da fiyano ta shigo waƙar Hausa ta hanyar finafinan Kano a shekarun 1990, kalangu da goge da kukuma suka fara ja da baya. Yanzu abin ya wuce fiyano. Yaro ya shiga ɗaki da kwamfuta ɗaya, a zaɓo masa bugu daga cikin inji, ya rera, a bi muryar da na'urar gyaran murya har ta koma kamar ta ɗan tsako. Ka kunna waƙa goma ba ka bambance mai waƙar farko da na ƙarshe, wani lokaci ma ba ka san namiji ne ko mace ba. Ba na hana yara zamaninsu, mu ma mun yi namu iyayenmu suna tsaki. Amma Mamman Shata da ya rasu a 1999 da Ɗan Maraya Jos da ya rasu a 2015, duk wanda ya ji baiti ɗaya ya san su, saboda an bar musu muryarsu da kaushinta. Ɗan Maraya da kuntigi ɗaya tal ya zaga duniya.

Akwai wani dattijo mai goge da ke zuwa bukukuwa a unguwarmu, ba zan faɗi sunansa ba. 'Ya'yansa suka tara kuɗi suka kai shi wani sitidiyo a cikin gari don a ajiye wa jikoki wani abu. Mai na'urar ya raba shi da masu ƙwaryarsa, ya ce kowa shi kaɗai za a ɗauka. Ya toshe masa kunne da abin sauraro, ya sa masa wani ƙyas-ƙyas na inji ya ce ya bi. Tsohon da ya saba ya ja kiɗa ya sassauta yadda taro ya motsa, sai ga shi yana bin agogo kamar ɗalibi a jarrabawa. Da aka gama, aka zubar da ƙwaryar aka sa gangar kwamfuta. Na ji abin da ya fito. Tsaf yake, babu ƙura ko ɗaya, kuma babu tsohon a ciki. Mai na'urar ba mugu ba ne, abin da aka koya masa ke nan, kuma a ganinsa taimako ya yi.

Mu Hausawan ƙasar nan 'yan kaɗan ne, ba mu da gidan rediyon Kaduna da zai tara mana kayanmu a ma'ajiya. Da aka rushe tsohuwar Zanguwatan a 2003 saboda aikin ZACA, mutane suka watse, wasu Waga 2000 wasu Nioko, kuma makaɗan da ke haɗuwa a ƙofar gida ɗaya suka rabu. Waɗanda suka rage tsufa ya kama su. Abin da Tinariwen suka yi a Janet bai fi ƙarfinmu ba. Wayar da ke aljihun ɗalibaina ta fi rikodar da aka ɗauki kaset ɗinsu na farko kyau nesa ba kusa ba. Abin da ake bukata shi ne zaure mai ƙasa da tabarma, ba ɗakin siminti mai rufin kwano da ke mayar da sauti ba. A bari sai dare ya yi babura sun rage. A zaunar da mai goge da masu ƙwarya da 'yan amshi wuri ɗaya yadda suka saba, a ajiye makirufo kamar taku biyu daga gare su, a bar su su yi abinsu har su manta da shi. In akuya ta yi kuka a bar ta. In daga baya wani yaro yana so ya ɗora fiyano don 'yan rawa, ga hanya nan, amma a ajiye na asalin daban, a rubuta sunan kowa da ranar da aka ɗauka.

Wanda zai nemi Amatssou, shawarata kada ya saurare shi ta lasifikar waya, domin ba za ta fitar da jitar ƙasa mai kauri ba, ita ce kuwa ke riƙe da tafiyar. A samu rediyo mai ɗan ƙarfi. A fara da Tenere Den, a bi da Arajghiyine, sannan a koma a nemo na gidan rediyon Kidal na 2001 a kwatanta. Wanda kunnensa ya gaya masa saɓanin abin da na faɗa, ya rubuto wa wannan fili, za mu buga.

Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.